Makon da Aka Hana Dutse Wuta

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekara ta uku da dawowar mulkin farar hula, da misalin ƙarfe goma na safe, aka zaunar da ni a zauren Dagacin ƙauyenmu da ke tsakanin Rano da Lausu. Waɗanda suka halarta su ne Dagaci, da Liman, da Malam Hamisu wanda gonarsa ke gindin dutsen da nake aiki, da Inna Hajo mai tallan nono daga rugar da ke gabas da mu, da Malam Nasiru mai koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Rano. Sauran jama'a suna waje, wasu a tsaye, wasu a jingine da kekunansu. Ƙarar da aka kawo ita ce hayaƙina yana korar hadari. Abin da ake nema kuma shi ne a raba ni da fuskar dutsen da na yi kusan shekara talatin ina cin abinci a kanta. Har yau ban san ko masu ƙarar sun yi gaskiya ba.

Kafin in koma zauren sai na bayyana sana'ar, domin ku matasan yanzu kuna wucewa a kan babur, ku hangi mutum a tsugune gaban wuta a kan dutse, ku ce ai wannan ashana ce kawai da guduma. Sunana Idi, kuma aikina fasa dutse da wuta. Ba na sa nakiya, ba ni da inji. Ina hura wa falalen dutse wuta har ya ɗaga ɓawo, in tayar da ɓawon da dagi, in farfasa shi da guduma, magina su saya.

Aikin farko da na gani da idona na harsashin wani masallaci ne a Fassi. Shekarar babban farin nan ce ta zamanin soja, lokacin da gero ya bushe a tsaye, shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya. Ina da shekara ashirin ko kusa da haka, gonarmu ba ta ba mu ko dami ɗaya ba, sai mahaifina ya kai ni wurin Baba Ɗanjuma, wanda shi kaɗai ne mai ƙona dutse a yankinmu. Na same shi ba takalmi, yana tafiya a kan falalen a hankali, yana ɗan buga shi da ƙaramar guduma, yana karkata kunne. Ya yi haka tun hantsi har azahar bai kunna komai ba. Na ɗauka tsufa ne. Ashe sauraro yake yi. Inda dutse yake a dunƙule har ƙasa, guduma tana yin ƙara siririya, ta dawo maka a hannu. Inda yake da shimfiɗa a ciki, wato inda zai yarda ya rabu, ƙarar takan yi kauri kamar an buga tulun da babu ruwa. Wanda bai iya bambanta waɗannan biyun ba, zai ƙone karan gona guda a banza.

Da ya sami wurin, sai ya sa na share shi tas, ba ƙasa ba tsakuwa. Ya jera karan dawa da kandilo, wato busasshen kashin shanu, a layi ɗaya a bakin gefen, faɗinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ba a tara wuta a tsakiya. A gefe ake farawa, a bar ta ta ci a hankali, sannan a riƙa tura ta ciki da dogon ƙarfe, taƙi bayan taƙi. Can wajen la'asar na ji wani abu ya ce tas a ƙarƙashin ƙafata, na yi tsalle gefe. Baba Ɗanjuma bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Dawo, ba kai ya kira ba. Sallama ya yi."

Wannan ƙarar ita ce alamar ɓawo ya rabu da uwarsa. Daga nan duk inda wuta ta matsa, tsagar tana biye da ita a ƙarƙashi. Idan ka yi gaggawa, tsagar ta hau sama, ka sami ɓawo siriri kamar kasko. Idan ka yi nawa, dutsen ya dahu ya rube, ka taɓa shi ya zama gari. Washegari bayan ya huce muka sa dagi uku muka tayar da shi. Kaurinsa ya kai taƙi ɗaya, faɗinsa kamar tabarma huɗu. Jakuna ne suka yi ta jigilarsa zuwa Fassi har kwana tara.

Shekara biyu na yi ban riƙe ashana ba. Aikina tara kara, da bin makiyaya ina tsintar kandilo, da shara, da kai guduma maƙera idan bakinta ya lanƙwashe. Guduma uku ce a sana'ar: ƙaramar sauraro, da matsakaiciyar gyaran baki, da babbar da ake ɗagawa da hannu biyu. Ƙotar babbar ba a yin ta da kowane itace, sai mai ɗan lanƙwasa, in ba haka ba bugun yakan koma kafaɗarka. Sai dagi, da shebur, da kwanon sarki. Kayan ke nan duka. Sauran aikin yana kunne da tafin ƙafa.

Baba Ɗanjuma ba mai yawan magana ba ne, kuma a zamaninmu mai koyon sana'a ba ya ce wa maigidansa don me. Abin da aka ce ka yi, shi za ka yi. Akwai wata ƙa'ida da ya riƙe har ya bar duniya: daga ranar da aka ga hadarin farko a gabas, har ranar da dawa ta kai gwiwa, ba a hura wa dutse wuta. Ko wa ya zo, ko me ya kawo. Na ga ya mayar da wani attajiri daga Kibiya da ke son dutsen rijiya, ya ce masa ya dawo bayan noman farko. Na bi ƙa'idar shekara da shekaru bayan rasuwarsa. Ban taɓa tambayarsa dalilinta ba. Wannan rashin tambayar shi ne ya zaunar da ni a zauren Dagaci.

Masu sayen dutse iri-iri ne. Magini yana son mai faɗin fuska da zai zauna ba tangaɗi. Mai haƙa rijiya yana son mai ɗan tsawo da zai ɗaure baki. Mata sukan aiko a zaɓar musu dutsen niƙa, kuma su suka fi kowa tsanani, don idan ya cika laushi za a ci tsakuwa a tuwo, sunanka ya ɓaci a unguwa guda. Ragowar ƙanana kuma wasu mata ne ke zama a gindin dutsen suna mayar da su tsakuwa. Haka muke tafiya, tipa ɗaya ko biyu a wata, hayaƙinmu fari ne, ya tashi ya bi iska, ba wanda ya taɓa magana.

Taya ta shigo sana'ar ne ta hannun wani direban tipa. Ya zo ɗaukar kaya ya tarar ban gama ba, kara ya ƙare, sai ya sauko da tsofaffin tayoyi biyu daga bayan motarsa ya ce in gwada, haka ake yi a wasu wuraren. Na yanka su gida huɗu-huɗu na jera a layi. Abin da kara ke yi daga asuba zuwa la'asar, taya ta yi shi kafin azahar, kuma ɓawon ya fi kauri. Amma hayaƙinta baƙi ne ƙirin, mai nauyi, yana tashi kamar an kafa ginshiƙi, ana hango shi daga hanyar Rano. Idan ya sauka yakan bar kunkunniya a kan komai. Ka tofa yawu ka ga baƙi. Ta bar maka tarin waya a kan dutse, kuma sai ka wanke fuskar dutsen, don magina sun ce siminti ba ya kama inda ta yi baƙi. Duk da haka na riƙe ta, ina haɗa ta da kara a lokacin rani.

Da farar hula suka dawo sai aiki ya buɗe. Kowane kansila yana son a ga ya yi wani abu a mazaɓarsa: nan kwalbati, can aji biyu, can ɗakin shan magani. Mutane suna ce masa romon dimokuraɗiyya, mu kuwa a wurinmu dutse ne ake nema ba dare ba rana. Kara ya daina isa, don masu kiwo sun fara saye, kandilo kuma manoma sun fara kwashewa zuwa gona. Taya ta zama ita ce itacen.

A bazarar waccan shekarar wani ɗan kwangila, wanda kowa ke kira Alhaji, ya zo da kansa har kan dutse. An ba shi kwalbati a kan wani rafi a hanyar Durba, kuma dole a gama kafin rafin ya kawo. Na nuna masa gabas. Hadarin farko ya riga ya fito kwana biyu da suka wuce.

Na ce, "Alhaji, lokaci ya rufe. Sai dawa ta kai gwiwa."

Ya ce, "Dawar wa?"

"Dawar kowa."

"Malam Idi, rafi ba ya jiran dawa. Wa ya kafa wannan dokar, gwamnati ko Shari'a?"

"Maigidana ne."

"Yana ina?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Ya gaya maka dalili?"

Na ce a'a. Ya ce matan da ke kai marasa lafiya asibiti ta wannan rafin su ma suna da haƙƙi, kuma wannan gaskiya ne. Washegari tipa ta sauke mini tayoyi kusan cikinta guda. Na kunna.

Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwan shuka, mai kyau, kowa ya fita. Ni ma na shuka dawa da gero a gonata da ke yamma da gari, na dawo kan dutse. Daga nan ruwa ya ɗauke. Kwana goma sha tara ba ɗigo. Shuka ta fito ta yi kunne biyu, ta fara naɗewa. Abin da ya dagula lamarin shi ne hadari yana haɗuwa. Da la'asar sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso, mata su kwashe shanya, sai a ga hadarin ya iso saitin dutse ya rabu biyu, rabi ya yi Kibiya, rabi ya yi kudu. Washegari masu zuwa kasuwa su ce an kwana ana ruwa a Durba da Fassi. Ni da kaina na ga rabuwar sau uku, ina tsaye a kan dutse, hayaƙina yana tsakiya. Sai dai kuma na taɓa ganin irin wannan rabuwar a shekarun da babu wuta ko ta sigari a wurin. Na rasa wanne zan kama.

To, mu koma zauren. Malam Hamisu ne ya fara magana.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da Idi rana ɗaya aka yi mana kaciya, ba ni da gaba da shi. Amma tun muna yara ba mu taɓa ganin wuta a kan dutsen nan a irin wannan lokaci ba. Bana aka kunna, bana hadari yake tsallake mu. Ba sai an kira mai duba ba."

Dagaci ya juya ga Inna Hajo. Sai ta sauke ƙwaryarta ta ɗaga faifai. A kan nonon akwai ɗigo-ɗigon baƙi.

Ta ce, "Ni ban zo maganar ruwa ba, Baffa. Wannan tun daga ruga a rufe yake, sau ɗaya na buɗe a hanya. Jiya a Rano wata ta tambaye ni ko masoro na fara zubawa. Maruƙanmu kuma tari suke yi."

Aka yi dariya a waje, Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru. Liman ya gyara zama ya ce ruwan sama a hannun Allah yake, yana saukar da shi inda ya so, kuma a yi hattara kada a jingina wa hayaƙin taya ikon da ba nasa ba. Ya ce yanzu da ake zancen Shari'a a ko'ina, ba a hukunta mutum da zato, sai da shaida.

Malam Hamisu ya ce, "Allah gafarta Malam, sauro ma na Allah ne, amma in an yi hayaƙi yana gudu."

Liman ya ce, "Hadari ba sauro ba ne, Hamisu."

"Shi ya sa na ce a tambayi mai boko."

Malam Nasiru ya zo ne don gaida surukinsa aka jawo shi zauren. Ya yi magana a tsanake, kuma zan faɗi abin da na riƙe. Ya ce hayaƙi ba iska ba ce kawai, akwai ƙananan ƙwayoyi a cikinsa da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, irin waɗanda suka sauka a nonon Inna. Ya ce ɗan Adam ya daɗe yana tura su sama, tun daga ƙonan daji, da murhu, da narka tama da kakanninmu suka yi, amma abin ya yi yawa ne lokacin da Turawa suka kafa masana'antu masu cin kwal. Ya ce ƙwayoyin iri biyu ne. Masu haske, irin na farar wuta da ke fita daga kwal, suna mayar da hasken rana sama, ƙasa ta yi sanyi. Baƙaƙe, irin na taya, suna shan zafin rana su ɗumama iskar da suke ciki. Ya ƙara da cewa ya karanta, kuma ya ji a rediyo, wasu masana suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abubuwan da suka janye damina zuwa kudu a shekarun babban fari, domin ya sanyaya tekun da ke arewa.

Na ce, "Malam, farin da ya kashe mana gero ina saurayi?"

Ya ce, "Shi."

"Hayaƙin Turai?"

"Yana ciki, in ji su. Ba shi kaɗai ba."

Wannan farin ne ya kai ni wurin Baba Ɗanjuma. Idan maganar haka take, hayaƙin wasu ne ya raba ni da gona ya ɗora ni a kan dutse, ga shi kuma ana cewa nawa zai raba wasu da tasu gonar. Ban faɗi wannan a zauren ba, don ban san ko kariya ce gare ni ko shaida a kaina ba.

Malam Hamisu ya ce, "To kun ji. In na Turai ya iso nan, na Idi da ke bayan gida fa?"

Malam Nasiru ya ce ba haka lissafin yake ba. Na Turai na ƙasashe ne masu yawa, shekara da shekaru, na Idi kuwa tayar tipa ɗaya ce. Sannan ya ce ɗigon ruwa a cikin girgije sai ya sami ƙwaya yake taruwa a kanta, don haka wani lokaci ƙwayoyin suna taimaka wa hadari, wani lokaci kuma in sun yi yawa ɗigon yakan yi ƙanana ya kasa faɗowa.

Dagaci ya ce, "Malam, tsaya. Hayaƙi yana sanyaya ƙasa ko yana ɗumama ta?"

"Duka biyun, ranka ya daɗe."

"Yana kawo ruwa ko yana hana shi?"

"Ya danganta."

"Na Idi ya kori hadarinmu, e ko a'a?"

"Ban sani ba. A ganina bai kai ba, amma ba zan rantse ba."

Dagaci ya dube ni. Ya ce, "Idi, maigidanka ba ya kunna wuta a wannan lokaci. Me ya sa?"

Na ce a zatona saboda dutsen ne, don in ruwa ya sauka a kan dutse mai zafi yakan lalata fuskar. Malam Hamisu ya ce ƙarya ne, kowa ya san saboda hadari ne, mahaifinsa ya gaya masa. Liman ya ce shi kuma abin da ya sani, Ɗanjuma manomi ne, yana rufe dutse ne don shi da mutanensa su je gona. Mu uku muka san mutumin, muka kawo dalili uku. Dagaci ya tambaye ni ko daga bakinsa na ji nawa, na ce a'a. Sauran biyun ma ba daga bakinsa suka ji ba.

Sai Dagaci ya tambayi Malam Nasiru kwana nawa waɗannan ƙwayoyin suke yi a sama kafin su sauko. Malam Nasiru ya ce irin na taya ba sa daɗewa, kamar mako ɗaya, in ya yi yawa biyu.

Dagaci ya ce, "To shi ke nan, an sami ma'auni. A kashe wutar yau. Mu ba sama mako guda ta wanke. In ruwa ya sauka kafin Laraba ta zagayo, hayaƙi ne, Idi ya bar wannan fuskar har abada. In bai sauka ba, ba ruwan Idi, ya koma aikinsa, amma ya nisanta taya da hanyar masu nono."

Malam Nasiru ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ake gwadawa ba. Damina ce, ruwa zai iya zuwa ko da wuta ko babu."

Dagaci ya riga ya miƙe yana neman takalminsa. Ya ce, "Malam, na tambaye ka sau uku ba ka ba ni ko ɗaya ba. Wannan makon kai ka ba ni shi."

A lokacin akwai wuta a kan dutse, na kunna ta tun da safe, tsagar ta kai rabi. Na roƙa a bar ta ta mutu da kanta, don ba a kashe wutar dutse da ruwa. Ba a saurare ni ba. Jama'ar da ke waje suka ɗebo ruwa a rijiya da bokitai da jarkoki suka hau. Na tsaya nesa na ce kowa ya kare idonsa. Da ruwan ya sauka sai fuskar ta riƙa fashewa tana watsa ɓarɓashi, tururi ya haɗu da baƙin hayaƙi. Da ta huce na je na buga ƙaramar guduma. Ƙarar ba siririya ba ce, ba mai kauri ba ce, irin ta ruɓaɓɓen bulo ce. Wurin da zai ba da tipa uku ya zama gari. Ko ba komai, dalilin da na kawo a zauren ya tabbata a gaban kowa, amma ba wanda ya tsaya dubawa, duk sama suke kallo.

Matsayina a wannan makon shi ne kamar haka. In ruwa ya zo, na rasa dutsen. In bai zo ba, shukata da ta kowa ta mutu, har da irin da ba mu da madadinsa. Ranar Alhamis Alhaji ya aiko tipa ta kwashe sauran tayoyinsa, ya koma sayen dutse a wani wuri. Ranar Juma'a Liman ya sanar da roƙon ruwa. Ranar Asabar da hantsi muka fita bayan gari, maza da mata da tsofaffi, an juya riguna. Na shiga sahu, sai ga Malam Hamisu ya matso kafaɗarsa tana taɓa tawa. Da Liman ya fara addu'a sai Hamisu ya sunkuyo.

Ya ce, "Idi, ɗaga murya in ji amin ɗinka."

Na ce, "Kai ka ji da addu'arka."

"Tawa ba ta da dutse a cikinta."

Na ce amin, kuma waɗanda ke sahun gaba ma sun ji.

Lahadi hadari ya haɗu ya watse ba tare da ya iso ba. Wasu suka fara cewa an zalunci Idi. Litinin da safe sama fes, har wani ya yi mini barka a bakin masallaci, ban amsa ba don ban san barkar me ba ce. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Ina gonata a lokacin ina duba abin da ya rage. Hadarin ya iso saitin dutse bai rabu ba. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har magariba. Matan da suka tara ruwan indararo sun ce bokitin farko baƙi ne, sai da suka zubar.

Washegari Talata ba a ma sake zama ba. Mai unguwa ne ya zo ya gaya mini in kwashe kayana. Malam Nasiru ya hau babur ya zo daga Rano ya sake gaya wa Dagaci cewa wannan ba hujja ba ce, Dagaci ya ce ya ji, amma hukunci ya riga ya fita, ruwa kuma ya riga ya sauka. Na kwashe guduma uku, da dagi, da shebur, da kwanon sarki. Aka ba ni wata fuska can bayan dutsen ta wajen daji, inda tipa ba ta iya shiga, sai an fito da kaya a baro. Na koma kara da kandilo, na koma ƙa'idar Baba Ɗanjuma. Gonata ta tashi, na yi ƙari a inda ya mutu, kuma dawar waccan shekarar ta yi kyau.

Shekarar da ta biyo baya ba a kunna ko ashana a kan dutsen ba tun daga bazara. Aka yi ruwan shuka, ruwa ya ɗauke, ya yi kwanakin da suka fi na bara. Hadari ya riƙa zuwa saitin dutse yana rabuwa biyu. Na sami Malam Hamisu a bakin gonarsa yana kallon gabas.

Na ce, "Hamisu, yau hayaƙin wa?"

Ya ce, "Sauran naka ne bai gama sauka ba."

"Malam Nasiru ya ce mako ɗaya."

"To na Turai ne. Ai shi ma ya faɗa."

Muka tsaya tare har hadarin ya wuce. Na je wurin Dagaci na tuna masa, ya ce ma'aunin na bara ne, bana kuma wata shekara ce.

Yanzu idan wani daga cikinku ya zo koyon aikin, ranar farko nake gaya masa ƙa'idar, in ce ya tambaye ni dalili tun ina da rai. In ya tambaya sai in ba shi guda ukun, in gaya masa wanda na gani da idona, da wanda Liman ya faɗa, da wanda har yau ban iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Yawanci sukan ce in zaɓar musu ɗaya. Ba na zaɓa.

Ba a mayar mini da fuskar ba. Shekara huɗu bayan zaman zauren aka ba wani kamfani wurin, ya kafa injin niƙa dutse mai shan gas, yana aiki rani da damina. Malam Hamisu ya sayar musu da gonarsa, a nan suke ajiye tipa.